Tsintuwa a Lokacin Canjin Kuɗi

Duk wanda yake ƙasar nan a ƙarshen Janairun 2023 ya san yadda tsohuwar dubu ɗaya ta zama abin gudu. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun Naira 200, 500 da 1,000, ya ce daga 31 ga wata tsofaffin sun tashi aiki, sababbin kuwa sai dai ka ji labarinsu. Mai shayi ba ya karɓa, mai kayan miya ta juya maka baya, mu 'yan Keke Napep kuma kullum cikin cacar baki muke da fasinja. A tsakiyar wannan hargitsi ne wani ya sauka daga kekena ya bar Naira dubu 830, duk tsofaffin takardu.

Keke nake ja a Jos, yawanci tsakanin Farin Gada, Terminus da Bauchi Road. A lokacin keken bai zama nawa ba, na bashi ne, ina kai wa mai shi kuɗi duk mako har in gama biya. Bayan isha'i na shigar da shi gida, sanyi yana ratsa ƙashi, na leƙa bayan kujera inda fasinja ke tura kaya don in kakkaɓe ganyen kabeji da ƙasa. Sai na ga wata tsohuwar jakar bakko ta maƙale a lungu. A cikinta baƙar leda ce, an ɗaure bakinta da ƙyallen atamfa ruwan ɗorawa. Kuɗin ƙulli biyar ne, kowane an naɗe shi da robar tiyub da aka yanka da reza. Sai kuma guntun kwali da aka yi wa rubutu da biro, layi biyar, kowane layi harafi ɗaya da lissafi a gabansa.

Ban san zuciya tana da nata malamin ba sai a daren nan, kuma fatawarsa a shirye take. Ba sata ka yi ba, gida suka biyo ka. Nan da 'yan kwanaki ma takardun banza za su zama, to wa ka cuta? Wanda ya iya yawo da irin wannan kuɗi yana da ninkinsu a gida. Sai lissafi ya biyo baya, wanda shi ne ya fi ƙarfi: ragowar bashin keke bai kai abin da ke cikin ledar ba. In na biya, har kuɗin haya zai fito, da canji. Fasinjan da na ɗauka a ranar ba su ƙirguwa, babu wanda ya san sunana, babu wanda ya ga shigowar jakar.

Mai ɗakina ce ta taya ni ƙirgawa. Da muka gama ta ɗauki ƙulli ɗaya ta shinshina.

"Baban yara, wannan kuɗin kayan gwari ne. Ji warin tumatir. Kuma dubi 'yan ɗari bibbiyun nan yadda suka yamutse. Mai kuɗi ba ya ɗaure kuɗinsa da robar tiyub."

Na ce ai na gani.

"To ni dai kada su daɗe a ɗakin nan. In ɓarayi ba su taɓa ba, mu za mu taɓa."

Da asuba na jira aka watse, na bi limaminmu zuwa zaurensa. Tun kafin in gama bayani ya tambaye ni wa da wa suka sani, na ce ni da iyali. Ya ce a tsaya a nan tukuna. Sannan ya kawo hadisin Zaidu bin Khalid al-Juhani da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da tsintuwa, ya ce a gane jakarta da abin da aka ɗaure ta da shi, a yi cigiyarta shekara guda, in mai ita ya zo a ba shi, in bai zo ba mai tsintuwa ya san yadda zai yi da ita. Ya ce abin da muka karanta a Risala ma ke nan: bayan shekara kana iya riƙewa ko ka yi sadaka da ita, amma duk ranar da mai ita ya bayyana, biya yana wuyanka. Abin da ake yi wa sauƙi shi ne ɗan abin da ba wanda zai dawo nema, kamar dabino ɗaya a kan hanya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, shekara fa ka ce. Waɗannan takardu ƙarshen wata ma ba za su wuce ba."

Ya yi shiru ɗan lokaci. Ya ce malamai sun yi maganar wanda ya tsinci abin da zai lalace kafin a ga mai shi, cewa ya sayar ya ajiye kuɗin, bayan ya kiyaye kamanninsa. Wannan ma haka ne: a kai banki kafin wa'adi, a bar jaka da ƙyalle da robobi da kwali yadda suke, domin su ne shaidar mai kaya. Ya gindaya mini sharuɗɗan cigiya. Kada in faɗi adadi, kada in faɗi kalar jaka, in ce kawai an tsinci kuɗi a keke a rana kaza, a hanya kaza. Kuma ba a cikin masallaci ake yi ba, don akwai hani a kan neman ɓataccen abu a ciki, sai dai a ƙofa bayan an fito, da kasuwa, da tasha. Ya sa aka kira na'ibinsa da wani dattijo mai shago, aka sake ƙirga kuɗin a gabansu, aka rubuta a takarda kowane ƙulli da abin da ke cikinsa, muka sa hannu.

Daga nan na wuce ofishin ƙungiyarmu, ciyaman ya shigar a littafi, muka je tare muka sanar da mai unguwa. Wani maƙwabcina da ke aikin magatakarda a kotu shi ya buɗe mini ido a kan ɓangaren doka. Ya ce mutane suna ɗauka tsintuwa ba ruwan hukuma, alhali a kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960, sashe na 308 da 309, wanda ya mayar da kayan wani nasa da rashin gaskiya yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Mai tsintuwa yana faɗawa ciki idan ya cinye alhali ya san mai kayan, ko yana da hanyar gano shi, ko bai yi wani ƙoƙarin nemansa ba. Ya ce in adana takardar shaidun nan da kyau, ita ce garkuwata.

Ban yi mamaki sosai ba, don mun gani a cikinmu. Wani ɗan tasharmu ya taɓa tsintar jakar wata mata, ya yi gum. Cikin mako guda ya sake tayoyi, ya sayi babbar waya, ya fara sayen tsire wa jama'a. Ashe ɗiyar matar ta haddace lambar ƙungiya da ke jikin keken. Da aka zo aka tafi da shi babu ko rabin kuɗin, mai keke ya ƙwace kekensa, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka biya. Dama an ce garin banza a farau-farau ɗin banza yake ƙarewa. Yanzu kwandasta yake yi a motar Bauchi.

Zuwa banki kuwa ba sai na ja ba. A kwanakin har Asabar da Lahadi bankuna suna buɗewa don karɓar tsofaffin kuɗi, layi tun daga ƙofa har titi, wasu da buhu, wasu da bokitin fenti. Na'ibin liman ya raka ni, muka zuba a asusuna, muka haɗa rasit da takardar shaidu. Ba a jima ba Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin na lokacin, ya fito ya ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu.

Da na ɗauka na sauke nauyi. Ashe lokacin ne aka fara.

Kuɗi a leda yana da kwarjini, kana ganinsa ka san na wani ne. Kuɗi a asusu kuwa lamba ce kawai a fuskar waya, kuma ta haɗe da 'yan kuɗina, ba wata roba da ta raba su. Sai ga Fabrairu ta shigo da abin da ba mu taɓa gani ba. Banki ya ce dubu 20 zai ba mutum a rana, wannan ma in ka samu. Masu POS suna yankar abin da suka ga dama. Fasinja ya hau ya ce zai yi tiransifa, kuɗi su maƙale a sama, shi an cire masa ni ban gani ba. Ga layin mai, ga kamfen na zaɓen 25 ga wata ya cika gari. Sati ya zagayo ban haɗa kuɗin mai keke ba, ya kira ni yana tuna mini yarjejeniya, cewa in na ci gaba da saɓawa zai ɗauke kayansa, abin da na biya a baya kuma ya bi ruwa. Yana wannan faɗa, wayar da yake kirana da ita tana ɗauke da dubu 830.

A wannan karon zuciya ba ta ce in ci ba. Cewa ta yi in ranta. Dubu 30 kacal, in mayar in gari ya daidaita, wa zai sani? Ni a ganina yawancin waɗanda suka ci tsintuwa ta wannan ƙofa suka shiga, ba wanda ya zauna ya ce yau zan ci haram. Rance ne na farko, sai na biyu, har ranar da mai kuɗi zai bayyana ka ga gara ka ce ba ka ga komai ba. Na san halin da nake ciki, don haka na kwashe 'yan kuɗina daga asusun, na goge manhajar bankin daga waya, na kai wa liman katin ATM. Ya jefa shi cikin gafakarsa bai ce komai ba. Kuɗin mai keke kuwa, surukina ne ya rufa mini asiri a wannan satin.

Cigiya aiki ce, kuma daga aljihunka. Na je wurin shugabannin kasuwar Farin Gada, na je tashar Bauchi Road, na bi 'yan dako da masu baro a Terminus, na bar lambar ciyaman a ko'ina. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar babban masallaci bayan an sallame. Na biya kuɗin sanarwa a wani gidan rediyo, aka karanta a shirin Hausa.

Masu zuwa kuwa sun zo. Akwai wani da ba na mantawa, babbar riga sha-guga, hula zanna, turare yana tashi. Ya zauna a ofishin ƙungiya ya fara da addu'a ga iyayen da suka haife ni.

Ciyaman ya ce, "Alhaji, a cikin me kuɗin suke?"

"A leda mana. Baƙa."

"Da me aka ɗaure?"

"Ai yarona ne ya ɗaure. Amma dai kusan miliyan ne, ko? Ko ya ɗan gaza?"

Yana tambaya yana kallon fuskata, ko zan yi wani motsi da zai kama. Ciyaman ya ce ya je ya zo da yaron. Har yau bai dawo ba. Wata mata kuma ta zo tana kuka na gaskiya, ta yar da kuɗin adashi a keke, amma nata a jakar hannu suke kuma a wata rana daban. Wannan ta fi tsaya mini a rai, don na san wani ɗan'uwanmu ne ya ɗauka ya yi shiru.

Makonni suka shuɗe ba labari. Abokan aiki suka fara tsokana, ana ce mini mai gadin banki. Wani ya ce Allah Ya kawo mini keke har gida na ce a kai kasuwa. Wanda ya warware matsalar abokin aikina ne Kirista, ɗan Mangu, da muke layi ɗaya. Muna shan shayi ya ce, "Kai, duk cigiyarka masallaci da rediyon Hausa. In mai kuɗin ɗan coci ne fa, kuma daga ƙauye ya kawo kaya?" Na koma wa liman da maganar, ya ce ai hadisin bai ce sai kuɗin Musulmi ba, haƙƙi haƙƙi ne, kuma cigiya ana yin ta ne inda ake zaton samun mai kaya. Abokin nan ya kai sanarwa cocinsu, ya kuma ba direbobin da ke zuwa kasuwar Mangu ranar Juma'a.

Cikin watan Maris, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin ranar 3 ga wata cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, sai ga wani dattijo da ɗansa saurayi a ofishin ƙungiya. Saurayin bai kai shekara 25 ba, idanunsa a ƙasa. Ciyaman bai gama tambaya ba ya fara zubo bayani: bakko mai tsagagge a gindi, ƙyallen zanen mamarsa ruwan ɗorawa, ƙulli biyar, robar tiyub ɗin kekensa na gida. Ya faɗi haruffan da ke jikin kwalin ɗaya bayan ɗaya da lissafin kowane, bai kuskure ko Naira ba. Da aka fito da jakar daga durowa, dattijon ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

A nan na ji abin da ya faru a wancan ɓangare tun ranar da jakar ta kwana a gidana. Kuɗin ba na yaron ba ne. Na manoman rani biyar ne a ƙauyensu, suka haɗa tumatir da kabeji suka ɗora shi a mota ya kawo Farin Gada, don shi ne mai ɗan karatu a cikinsu. Ya sayar, dillali ya biya shi da tsofaffin kuɗi, ya hau kekena da niyyar zuwa banki ya zuba. Ya tura jakar bayan kujera don tsoron masu yankan aljihu, ya sauka a Terminus da ledar maganin feshi a hannu, sai da keke ya ɓace ya tuna. Ya kwana a tasha yana leƙa kekuna, washegari ya koma gida hannu rabbana.

Ba wanda ya yarda da shi. A lokacin da kowa ke neman hanyar rabuwa da tsofaffin kuɗi, wa zai yarda an yar da su? Aka kai ƙara gaban mai gari, daga nan har wurin hukuma, ya kwana a tsare. Uban ya sayar da injin ban-ruwansa da saniya ɗaya ya biya mutum uku, biyu suka ce za su jira damina. Ba inji, lambunsu ya bushe a tsakiyar rani. Iyayen yarinyar da zai aura suka ce a dakata. Shi kuma ya daina fita ko coci, ya koma wurin wata gwaggonsa a Bukuru, shi ya sa sai da sanarwa ta kai ga uban sannan aka nemo shi.

Ina jin wannan ina tuna lissafin da na yi a daren farko, wai mai irin wannan kuɗi yana da ninkinsu a gida.

Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba kuɗin ne ya dame ni ba. Ka zo ƙauyenmu ka faɗa da bakinka."

Na ce, "Baba, in sha Allahu zan zo."

Mayarwa ma sai da ta ɗauki lokaci. Tsabar kuɗi ba ta gama wadata ba, banki ba zai ba ni wannan adadi a hannu ba. Liman ya fito da kati, muka tafi banki da shaidun farko da ciyaman, aka tura kuɗin asusun yaron gaba ɗaya, aka rubuta a ƙasan takardar nan cewa an karɓa cif, dattijon ya dangwala yatsa. Suka ware dubu 50 za su ba ni. Na kalli liman, ya ce tunda ban gindaya sharaɗi ba, tukwici halal ne. Na ɗauki abin da na kashe a rediyo da mai, na mayar musu da sauran, don mutumin da ya sayar da injinsa bai kamata ya yi kyauta ba. Daga baya suka aiko mini da buhun dankalin Turawa ta hannun direba.

A Satumbar shekarar, da labarin Auwalu Salisu ya ɓulla, ɗan a-daidaita-sahun Kano da ya mayar wa wani ɗan kasuwar Chadi kusan Naira miliyan 15, aka yi ta yi masa ruwan kyaututtuka, 'yan tasharmu suka dawo kaina da ba'a: ga wanda ya mayar ya samu duniya, ga wanda ya mayar ya samu dankali. Na yi wa yaron murna, amma ba na son yadda ake ba da irin labarin nan, kamar duk wanda ya mayar akwai kujerar Makka tana jiransa. Galibi babu mai jin labarinka. Ni sai da na ƙara watanni ina biyan bashin keke, ga cire tallafin mai na 29 ga Mayu ya ninka mana kuɗin lita kusan sau uku.

Ƙauyen na je, ranar wata Lahadi, tare da abokina ɗan Mangu. Aka tara mutane a ƙofar mai gari, na ba da labari tun daga ganyen kabeji har banki, aka zagaya da takardar shaidu da rasit hannu zuwa hannu. Mutum biyun da ke bin bashi an biya su a nan take. Dattijon ya je fansar injinsa, wanda ya saya ya ce ya riga ya sayar, sabo kuma kuɗinsa ya haura abin da ya rage a hannunsa, don haka ranin da ya biyo baya hayar inji ya yi. Maganar aure ta dawo, an ɗaura bayan girbi. A cikin manoman biyar kuwa akwai ɗaya da har muka taso bai miƙo mini hannu ba. Abokina ya ce mini a hanya, wai mutumin yana faɗa da yarensu cewa haɗa baki muka yi ni da yaron, da muka ga asiri zai tonu muka ƙirƙiro tsintuwa.